An Bar Babana a Bakin Ƙofa

Yau ku yi haƙuri da ni, babu doguwar gaisuwa. Wata a cikinku ta rubuto mini makon jiya tana cewa, "Zaituna, ke dai jan ajinki ya yi yawa. Injiniya guda ya ce yana so, me kuma kike jira?" To 'yar'uwa, gyara zama ki karanta. In kin kai ƙarshe sai ki dawo ki faɗa mini ko jan aji ne.

Ga waɗanda yau suka fara biyo ni, sunana Zaituna Salmanu, 'yar Funtuwa, ina aikin jinya a wani asibiti a nan Riyad shekara biyu ke nan. Babana kuwa ya riga ni zuwa da shekara ashirin. Direban gida ne, haka ma aka rubuta a iƙamarsa, wato takardar izinin zama. Ɗakinsa yana manne da get ɗin gidan kafilinsa, wato ubangidansa: katifa ɗaya, darduma, butar shayi ta lantarki, sai hotona na ranar gama makaranta da ya liƙa a bango da salatif. Ina da shekara huɗu ya baro gida, kuma duk wani littafi da na taɓa buɗewa a rayuwata daga sitiyarin nan ya fito. "Uwata" yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa na ci.

Sai Mu'azzam. Injiniya ne a wani kamfanin gine-gine, dogo, mai tsabta, in ya wuce ƙamshinsa sai ya yi minti biyar bai bi shi ba. Anti Rakiya ce ta haɗa mu. Ƙanwar Ummata ce, mijinta likita ne, suna zaune a unguwar Murabba. Wata huɗu yana nema, wata huɗu Umma tana turo mini saƙon murya daga Funtuwa kullum bayan sallar asuba, ba fashi.

"Zaituna, ki ji tsoron Allah ki ba yaron nan amsa. Shekara ashirin da shida ba wasa ba ce. Sa'o'inki duk da goyo."

Na yi masa alkawarin amsa ranar Juma'a. Kuma bari in faɗa muku gaskiya tun kafin ku tambaya: eh na shirya cewa. Ina son sa. Har sunansa na taɓa rubutawa a bayan takardar awon zazzaɓi, na yage da sauri kafin 'yar Filifin da muke aiki tare ta gani.

Ran Laraba saƙonsa ya shigo ina tsakar canza wa wata tsohuwa ledar ƙarin ruwa.

"Salam Zee. Kamfaninmu na cikin masu ɗaukar nauyin tseren motoci ran Juma'a a bayan gari. First time da za a bar iyali su shiga. Na samo kati huɗu: ni, ke, Anti, da Baba. A can za ki ba ni amsata."

Da Baba. Wallahi kalmomin nan biyu su suka ƙarasa ni. Na ce a raina wannan ya san mutunci, ya san daga inda na fito. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, ni kam Larabata yaudarata ta yi.

Da na kira Baba na faɗa masa, sai da na janye wayar daga kunnena.

"Tseren mota? Irin wanda ake sakin mota ita kaɗai a miƙaƙƙen titi a auna gudunta? Uwata, an ce akwai mai yin ɗari uku!"

"Haka na ji, Baba."

"Ɗari uku! Ni da ban taɓa wuce ɗari ba, da 'ya'yan mutane a bayana. Tun da aka kafa kyamarorin nan na kan titi ko sau ɗaya ba su ɗauke ni ba. To gani ya kori ji. Bari in je in roƙi Madam, matar ubangidana, ta ba ni yammar Juma'a."

Ta ba shi. Rabonsa da yammar Juma'a tasa ta kansa tun kafin babbar sallah.

Ranar, na sa abayar da na sayo a kasuwar Dira, baƙa mai duwatsu ruwan goro a bakin hannu, wadda na ɓoye wata biyu ina jiran ranar da ta cancanta. Na turara ta tun da safe, na yafa gyale kalar duwatsun, na sa farar hoda sama-sama da kwalli. Bayan an sauko Juma'a Mu'azzam ya ɗauko Anti, suka biyo mini a gidan ma'aikatan asibiti, muka wuce wajen Baba.

Jama'a, da kun ga babana. Shaddarsa ta sallah ya ɗauko, ruwan sararin samaniya, riga da wando da babbar riga, an buga mata guga har tana sheƙi. Hula ya kafa a goshi, takalmi sau ciki. Ga filas ɗin shayi da ya dafa mana da kansa, mai na'ana'a, ya sako a ɗan kwando da kofuna huɗu. Yana tsaye a bakin get yana ta gyara babbar riga a kafaɗa, fuskar nan kamar gonar auduga.

"Baba, ango ne kai yau?" na ce.

"Ke rufa mini baki. Wajen manya za mu."

Mun fita gari muka miƙi hanyar arewa. Mu'azzam na tuƙi yana bin taswirar waya, matar da ke cikin wayar tana ta ce masa ya juya. Sau biyu muna wuce gidan mai guda. A karo na uku Baba ya yi gyaran murya.

"Injiniya, da za ka ba ni in ƙarasa da mu. Hanyar nan na san ta, nan nake kawo yaran gidanmu shan iska duk hunturu."

"Haba Baba, kai da aka gayyato?"

"Kawo dai. Za a fara ba mu."

Suka yi musanyar wuri. Minti ashirin sai ga mu. Fili ne fetal a cikin hamada, titi guda miƙaƙƙe ya tafi har inda ido ya gaza, an kewaye da dogon shinge na tamfol mai tallace-tallace, ga rumfuna farare da tutoci. Tun daga nesa ana jin rurin injuna a ƙirji. Baba ya sauke gilashi yana saurare, bakinsa a buɗe.

Ya tsayar da mu daidai ƙofar baƙi na musamman. Abin da ya biyo baya kuwa ko ƙiftawa goma bai kai ba, amma na san har in mutu ina ganinsa.

Baba ya yi wuf ya fita, ya zagayo ya buɗe mana ƙofar baya, ya ja gefe ya sunkuyar da kai. Bai ma san ya yi ba. Aikin shekara ashirin da biyu ne, jiki ya riga tunani. Muna saukowa ya ɗauko kwandon shayi ya tsaya taku biyu a bayanmu.

A bakin ƙofar akwai wani Balarabe mai farin gemu cikin farar jallabiya, da matarsa a gefe. Mu'azzam na ganinsa ya miƙe ƙyam, ya gyara wuyan riga.

"Abu Turki ne, manajanmu," ya raɗa mana.

Suka gaisa da Larabci, kumatu da kumatu. Mutumin ya dube mu ya sa hannu a ƙirji, sannan ya dubi Baba daga hula har takalmi ya yi dariya.

"Masha Allah, Mu'azzam! Direbanka ya fi ka iya sa kaya."

Na jira. Wallahi har murmushi na fara, don na san abin da zai biyo baya: a'a ranka ya daɗe, surukina ne. Na buɗe kunne ina jira.

Mu'azzam ya yi dariya shi ma.

Ma'aikacin ƙofa ya miƙo hannu karɓar kati, ya nuna Baba da haɓa. "Sawwag?" Wato direba.

"Aiwa," in ji Mu'azzam. Wato eh.

"Direbobi can baya, wajen ajiye motoci."

Da idona na ga Mu'azzam ya zare kati ɗaya daga cikin huɗun ya ninke ya tura a aljihun wando. Ya juyo, bai yarda ya haɗa ido da kowa ba, ya ce da Hausa ƙasa-ƙasa, "Baba, ɗan kai motar baya, zan kira ka."

Baba ya ce, "Hadir."

Hadir, wato an gama! Abin da yake ce wa Madam in ta aike shi kasuwa. Ya miƙa wa Anti kwandon shayi, ya tattare babbar rigarsa, ya koma mota ya ja.

Kuna tambaya ni ina ina? Ina tsaye. Na yunƙura zan bi motar sai na ji farcen Anti Rakiya a damtsena ta cikin abaya.

"Wallahi kika kunyata mu a nan, ni da ke ne. Wuce mu tafi."

Kuma na wuce. Wannan shi ne abin da ba zan yafe wa kaina ba. Ku zage ni, na cancanta. Na bi su zugwi-zugwi da duwatsuna ruwan goro suna ƙyalli, na bar ubana yana neman wajen fakin.

An zaunar da mu a rumfar gaba, kujeru masu laushi, kowace da lambarta. Tawa goma sha bakwai. Goma sha takwas babu kowa. Anti ta ɗora kwandon shayin a kan kujerar, ko kunya.

Matar Abu Turki ta matso tana fara'a, ta kama hannun Anti. "Ke ce uwar amarya? Mu'azzam ya ba mu labarinku. Ina likita, bai samu zuwa ba?"

"Yana asibiti, aiki ya riƙe shi," in ji Anti, ko gezau.

Sai da na maimaita maganar a raina sau biyu kafin ta zauna. Uwar amarya. Likita. Ashe a kamfaninsu ni 'yar likita ce. Ashe ba a bakin ƙofa aka fara ƙaryar nan ba, a can dai ta fito sarari. Na juya na kalli Anti, ta ɗauke kai tana gyara awarwaro.

Aka zagayo da gahawa da dabino. Na karɓi kofin don kada hannuna ya zauna haka nan ya mari wani.

Mai lasifika ya fara ihu. Mota ta farko ta fito, ja, ta tsaya a layi tana karkarwa. Aka sauke tuta. Ƙarar da ta yi sai da gahawar hannuna ta girgiza, ƙaurin taya ya turnuƙe rumfar, kafin in ɗago ta zama ɗigo a ƙarshen titi. Babban allo ya nuna ɗari biyu da tamanin da bakwai. 'Yan mata a bayana suka miƙe suna tsalle, kowa waya a sama, wata tsohuwa cikin niƙabi tana ta salati tana dariya. Ranar farin ciki ce a wurinsu, yau an bar su sun shigo. Ni kuwa kujera goma sha takwas nake kallo.

Na zaro waya na rubuta, "Baba kana ina?"

Saƙon murya ya dawo, iska na kaɗawa a ciki. "Ina nan lafiya lau, Uwata. Na samu 'yan'uwa muna hira. Ki kalla mini da kyau."

Ki kalla mini. Hawaye ya taho, na mayar da shi da ƙarfin tsiya, don ba zan ba wa kowa a rumfar nan kallon kukana ba.

Mu'azzam yana can kusa da manajansa, yana dariya tun kafin mutumin ya ƙarasa magana. Na tura masa saƙo.

"Ba ni katin Baba."

Ya duba, ya kife wayar a cinya. Na sake turawa. Ya taso ya zo ya durƙusa kusa da kujerata kamar mai gyara igiyar takalmi.

"Zee, please. Zan yi miki bayani."

"Ba bayani na tambaya ba. Kati."

"Abu Turki zai tafi bayan la'asar. Yana tafiya zan je da kaina in shigo da Baba."

"Bayan la'asar an gama tseren. Shara zai zo ya kalla?"

"Ba ki san mutanen nan ba ne. Wata mai zuwa za a zaɓi wanda zai riƙe sabon project. Suna kallon komai, har gidan da mutum zai yi aure. Don mu nake yi, ni da ke."

"Ni da kai da wa? Da likita?"

Ya runtse ido. "It's just one afternoon, Zee."

"Ita kaɗai gare shi."

Anti ta tsoma baki tana murmushi don masu kallo, haƙora a dantse. "Ke wai wace irin yarinya ce? Shi uban naki ya yi ƙorafi ne? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Zauna ki yi wa mutane fara'a."

Wata koriyar mota ta wuce, allo ya nuna ɗari uku da ɗaya. Rumfar ta kaure da tafi. Ɗari ukun Baba ke nan, an yi ta a gabana, ni da ban san bambancin giya da birki ba sai a baki. Na ajiye kofin gahawa, na ɗauki kwandon shayi daga kujerarsa, na miƙe.

"Ina za ki?" in ji Anti.

"Kai wa direba shayinsa."

Wajen ajiye motocin yana bayan shingen tamfol, tsakuwa ce zalla, ba rumfa ba inuwa. Takalmina mai tsini yana ta nutsewa, na cire na riƙe a hannu. Motoci ɗaruruwa, a gindin kowace akwai mutum a zaune ko a kwance: 'yan Indiya, 'yan Pakistan, 'yan Sudan. Daga nan ba a ganin komai sai bayan tamfol. Ƙara kawai ke tsallakowa.

A inuwar motar Mu'azzam na same shi. Ya cire babbar rigar ya ninke ta a kujerar baya don kada ta yi ƙura. Yana zaune a kan kwali tare da wani dattijo ɗan Sudan, ya karkata kai wajen shingen, ido a rufe, yatsa ɗaya a sama. Wata mota ta taso a can ciki.

"Ji, ji," yake ce wa mutumin da Larabci. "Giya ta uku. Ta huɗu. Kash! Ya ɗaga ƙafa da wuri, ya ji tsoro. Wannan ba zai kai ɗari biyu da saba'in ba."

Lasifika ta sanar: ɗari biyu da sittin da takwas. Ɗan Sudan ɗin ya tafa hannu yana rantsuwa. Baba ya buɗe ido yana dariya, sai ya gan ni tsaye da takalmi a hannu ɗaya, kwando a ɗaya. Dariyar ta ɗauke.

"Uwata, me ya fito da ke? Lafiya?"

"Shayinka na kawo."

"Koma ciki. Mata ba sa zuwa nan."

Na durƙusa a kan tsakuwar na zuba masa, na zuba wa abokinsa. Mutumin ya karɓi kofinsa ya ja jiki can gefe, mai hankali.

"Baba, direba fa ya ce da kai."

"To ƙarya ya yi? Mene ne ni?"

"Ubana ne kai!"

"Rage murya." Ya kurɓi shayin. "Laifina ne. Wa ya aike ni buɗe ƙofa? Na manta ne, jikina ya saba. Da na zauna a mota kamar mutane da duk haka ba ta faru ba."

Jama'a, kun ji? Shi aka wulaƙanta, shi ke ba da haƙuri.

"Ba a ƙofa abin ya fara ba, Baba. A kamfaninsu cewa ya yi ni 'yar mijin Anti ce. 'Yar likita. Matar manajan da bakinta ta faɗa."

Na zuba masa ido ina jiran ya zabura. Bai zabura ba. Ya juya kofin a tafin hannunsa, ya kalli tsakuwa.

"Baba?"

"Na sani."

"Ka san me?"

"Ya zo ɗakina wata biyu da suka wuce, shi da Rakiya. Ya zauna a kan dardumata, ya yi mini bayani cikin ladabi. Yaron bai raina ni ba, Uwata, aikinsa yake karewa. Aure a Funtuwa za a ɗaura, a ƙofar gidana, ni zan ba da ke. Nan kuwa walima ce kawai ta abokan aikinsa, sa'a biyu a otal. Likita zai zauna a babban tebur."

"Kai kuma fa?"

Ya sake kurɓar shayin.

"Baba, kai kuma a ina za ka zauna?"

"Ai dole wani ya kawo amarya," ya ce a hankali. "Na ce masa ba wanda zai tuƙa ki ranar sai ni."

Na zauna daɓas a kan tsakuwa. Wata mota ta yi ruri a bayan tamfol, mutane suka yi ihu, ni kuwa kunnena ya toshe.

"Umma ta sani?"

"Ta sani."

Wato kowa ya sani. Umma da saƙonninta na asuba, Anti da awarwaronta, Mu'azzam da ƙamshinsa. Sun zauna sun tsara ranar aurena yadda ubana zai sauke ni a ƙofar otal, ya buɗe mini mota, ya koma ya jira a waje. Ni kaɗai ce sakarar da aka bari tana turara abaya. Har katin da na yi ta murna a kai, ashe cewa za a yi wani kawu ne ya rako mu, da Baba bai riga su buɗe ƙofa ba. Ban taɓa jin fushi irin na ranar ba. Ba kuka ya zo mini ba, wani sanyi ne ya sauko mini tun daga kai har ƙafa.

Wayata ta yi ƙara. Mu'azzam.

"Zee kina ina? Matar Abu Turki na tambayarki. Dawo please, kin yi mini alkawarin amsa yau."

Gaskiyarsa, na yi alkawari. Ni kuma 'yar Salmanu ce, ba ma saɓa alkawari.

"Baba, ina makullin motar?"

Ya zaro daga aljihu ba tare da tunani ba, ya miƙo. Sai da ya ga na miƙe ina sa takalmi sannan ya gane.

"Uwata. Me za ki yi?"

Na buɗe ƙofar baya na ɗauko babbar rigarsa, na warware ta na ɗora masa a kafaɗa. Na rufe motar na kulle. Na nufi ƙofar baƙi, ina jin takunsa a bayana kan tsakuwa.

"Zaituna! Tsaya mana. Ki yi tunani. Yaron nan zai riƙe ki, za ki zauna a gida mai kyau, 'ya'yanki za su yi makaranta a nan. Ni me aka rage ni da shi? Zaman mota ne, yau na fara?"

Ban tsaya ba. Rabon da ya kira ni da sunana na yanka har na manta, amma ban tsaya ba.

Ma'aikacin ƙofar nan yana nan inda muka bar shi. Ya gane ni, ya matsa zai ba ni hanya. Na miƙa masa makullin, na yi magana da Larabcin asibiti, da ƙarfi yadda na rumfar gaba za su ji.

"A rumfar farko akwai injiniya Mu'azzam, yana zaune kusa da Abu Turki. Ka kai masa wannan. Ka ce masa direbansa ya ajiye aiki. Ka ce 'yar direban ce ta aiko ka, kuma amsarta ke nan."

Mutumin ya kalle ni, ya kalli Baba cikin babbar rigarsa, ya kalli makullin. Ya karɓa da hannu biyu ya shige.

Na juyo, wallahi sakayau nake jin kaina. Na ɗauka zan ga Baba yana murmushi, ko da a ɓoye ne. Na ɗauka zai ce Allah ya yi miki albarka.

Yana tsaye taku biyu a bayana, hannuwansa a sake. Babbar rigar ta zame daga kafaɗa ɗaya bai gyara ba. Ban taɓa ganin tsufansa ba sai a lokacin. Ya daɗe yana kallon ƙofar da mutumin ya shiga, sannan ya dawo da idonsa kaina, sun kaɗa sun yi ja.

"Uwata," ya ce, "shekara ashirin da biyu ina zaman jira a bakin ƙofofin mutane, don wata rana ke ki shiga. Yau kin shiga. Shi ne kika fito?"

Ta cikin ƙofar na hango Mu'azzam ya taso da sauri, makulli a hannunsa, Abu Turki na biye da shi.